Yadda Ake Tsare Ruwan Sama a Inda Ya Sauka, Daga Tudu Har Zuwa Fadama

Duk wanda ruwa ya taɓa tsarewa a gindin bishiya a gefen fako ya san abin da yake faruwa. Ba a yin minti goma da fara zuba sai ruwan ya kwanta a fuskar ƙasa kamar an watsa shi a kan siminti, daga nan ya haɗu, ya rine ya koma ja saboda ƙasar da ya kwaso, ya nufi gangare, ya faɗa kwazazzabo ya yi gaba. Washegari idan aka sa fartanya aka sari wurin, za a tarar danshin bai wuce zurfin ɗan yatsa ba. Mutanen wannan gari su ne kuma za a gani a watan Afrilu sun jeru a bakin rijiya tun asuba, suna jiran ruwa ya taru a gindinta kafin a zura guga.

Lissafin abin da yake wucewa ba shi da wuya. Ruwan sama na milimita 1 a kan hekta guda lita 10,000 ne. Garin da yake samun milimita 500 a damina, wanda ya yi kusa da abin da yankin Maraɗi yake samu a matsakaiciyar shekara, kowace hektarsa tana karɓar lita miliyan 5, wato jarka 200,000 irin mai cin lita 25 wadda 'yan garuwa suke turawa a kura. Wannan ruwa yana zuwa ne cikin 'yan kwanaki ƙalilan, da ƙarfi, a kan ƙasar da fuskarta ta toshe, shi ya sa kaso mai yawa daga cikinsa ba ya kwana a inda ya sauka. Rijiya da burtsatse ba sa haifar da ruwa, ɗiba kawai suke yi daga abin da ƙasa ta sha a baya, kuma garin da ya ƙara yawan burtsatse ba tare da ya ƙara abin da ƙasarsa take sha ba yana gaggauta ƙarar da ajiyarsa ne. Aikin da za a bayyana a nan shi ne na ƙara wannan ajiya da kayan da suke hannu, wato dutse da taki da gara da ciyawa da itace, kuma ana yin sa ne bi da bi, daga tudu a gangaro, domin ruwan da ya riga ya yi gudu ya taru ya fi ƙarfin fartanya.

Kafin a sari ƙasa

Abu na farko shi ne a fita lokacin da ake ruwa, ko da zarar ya ɗauke, a bi sawunsa da ƙafa. A lura da inda yake farowa, da inda ƙananan hanyoyinsa suke haɗuwa, da inda yake barin yashi da karmami, da inda yake kwanciya. A kafa turaku ko a tara duwatsu a waɗannan wurare, domin da rani ido yana ruɗin mutum, filin da ake gani a shimfiɗe sau da yawa yana da gangaren da ya isa ya kwashe gona. A kuma bambance irin ƙasar. Jigawa mai rairayi tana shan ruwa da kanta, abin da take nema shi ne inuwa da taki da kariya daga iska. Fako mai ɓawo, da ƙasa mai marmara da tsakuwa, su ne wurin ramuka da jerin duwatsu. Laka ta fadama kuwa tana riƙe ruwa har ya yi wa shuka yawa, don haka ba a haƙa mata ramin tara ruwa.

Abu na biyu magana ce da mutane, kuma a ganina ayyukan da suka lalace ta wannan fuska sun fi waɗanda suka lalace saboda kuskuren awo yawa. Fakon da ba wanda ya kula da shi shekara talatin, ranar da gero ya fitar da kai a cikinsa za a ji masu shi sun bayyana, kowa da labarin kakansa. A yankin Illela na jihar Tawa, bayan da aka ga fako yana komawa gona, har saye da sayar da shi aka shiga yi, alhali a da ko kyauta ba a karɓa. Saboda haka a zauna gaban mai unguwa ko dagaci tun kafin a fara, a fayyace ko filin gado ne, ko aro, ko jingina, a rubuta shekarun da mai gyara zai ci moriyarsa, a sa shaidu. A kira makiyaya cikin zaman, a bar burtali da mashaya a buɗe yadda suke, a yi yarjejeniya a kan watannin da za a kauce wa filin da dabbobi da kuma lokacin da za a yanki ciyawarsa. Makiyayi abokin wannan aiki ne, domin takin da ramukan suke buƙata a wurinsa yake, kuma tsohuwar al'adar nan ta barin garke ya kwana a gona bayan kaka a sallami mai shi da hatsi ta fi sayen taki a mota sauƙi. Maƙwabcin da yake ƙasa da gonarka shi ma a sanar da shi, tun da ruwan da za ka tare ko ka karkatar a kansa yake sauka.

Fitar da layi da jera duwatsu

Kowane aiki na tare ruwa a gangare yana tsayawa ne a kan layin da duk tsawonsa yake daidai, ba inda ya fi wani tudu. Ana fitar da shi da tiyo fari wanda ake hango ruwa a cikinsa, mai tsawon mita 10 zuwa 15, da sanduna biyu miƙaƙƙu masu tsayi ɗaya. A ɗaure kowane bakin tiyon a jikin sanda, a cika shi da ruwa, a kaɗa har kumfar iska ta fita gaba ɗaya. A tsayar da sandunan biyu kafaɗa da kafaɗa a wuri guda, a yi wa kowacce alama a daidai inda ruwan ya tsaya. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa a bakin gona ta sama, ɗayan ya ratsa gangaren da tasa, yana hawa yana sauka kaɗan kaɗan har ruwan ya dawo kan alama a sandunan biyu, sai a kafa turke a nan. Na baya ya wuce gaba, a ci gaba da haka har ƙarshen gona. Gara a yi wannan da sanyin safiya, domin idan rana ta yi zafi tiyon yana saki, ruwan ya sauka daga kan alama, sai an sake daidaitawa. Da wannan tiyo ake gane tsananin gangare: idan sandunan suna nesa da juna da mita 10, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, bambancin tsayin santimita 10 yana nufin gangaren kashi 1 cikin 100 ne.

Layin da ya fito ba zai miƙe ba, zai yi ta lanƙwasa kamar sawun maciji, kuma a nan ne masu son aiki ya yi kyan gani suke yin ɓarna. Na taɓa tsayawa a wata gona da aka jera wa duwatsu da igiya, layi santal kamar ginin katanga. Ruwan farko da ya sauka ya bi jikin duwatsun ya gangara gefe guda, ya taru a kusurwar da ta fi zurfi, ya ɓalle ta nan, ya buɗe rami a gonar da a da ba ta da shi. Mai gonar ya ɗauki kwanaki yana kwashe duwatsun da ya sha wahalar jerawa.

A bisa layin ake tona ɗan rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, a dasa manyan duwatsu a ciki, a cike tsakaninsu da ƙanana ta ɓangaren sama, har jerin ya tashi kamar santimita 25 daga ƙasa. Ba a like shi da laka, domin ba a so ya zama madatsa. Aikinsa shi ne ya rage wa ruwa gudu, ya tace shi, ƙasa da taki su kwanta a bayansa, ruwan ya tsiyaya a hankali zuwa layi na gaba. A gangare mai sauƙi ana barin mita 30 zuwa 50 tsakanin layi da layi, idan ya tsananta a matso da su zuwa mita 15 ko 20. A damina ta farko a dasa gamba a jikin jerin, domin bayan 'yan shekaru ƙasa za ta binne duwatsun, ciyawar ce za ta ci gaba da aikin, ga shi kuma ana yin zana da ita. Inda babu dutse kusa, layin gamba ko jema shi kaɗai yana yin aiki, sai dai yana ɗaukar damina biyu kafin ya haɗe. A yankin Keita na Nijar, inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da tallafin Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na dakon duwatsun nan a ka, kuma wanda zai shirya irin wannan aiki ya sani cewa dakon dutse shi ne ya fi komai cin ƙarfi, don haka a nemi amalanke tun da wuri kuma a yi shi da gayya.

Tassa da rabin wata

Tassa, wadda Mosawan Burkina Faso suke kira zai, ramin shuka ne da aka faɗaɗa aka zuba wa taki. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970, wani manomi na yankin Yatenga mai suna Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya shiga ƙara wa tsofaffin ramukan girma yana zuba musu taki tun da rani, har ya mayar da fako daji. A 1989 wasu manoman Illela suka kai ziyara Yatenga ƙarƙashin wani shiri na IFAD, asusun duniya na bunƙasa noma, suka dawo suka gwada a gonakinsu, daga nan dabarar ta bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci.

Ana haƙa tassa da rani, daga bayan kaka zuwa bazara, da diga ko magirbi mai ƙarfi. Faɗin ramin santimita 20 zuwa 40, zurfinsa 10 zuwa 20, tsakanin rami da rami kuma kamar taki ɗaya na babban mutum, wato santimita 80 zuwa mita guda, abin da yake ba da ramuka wajen 10,000 ko fiye a hekta. Ƙasar da aka fitar a tara ta a bakin ramin ta ɓangaren gangare, a lanƙwasa ta kamar jinjirin wata, bakin sama kuma a bar shi a buɗe domin ta nan ruwa zai shigo. Ramukan layi na biyu su faɗo a tsakanin na layin farko, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa ɗaya zai faɗa wa na ƙasa da shi. A zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu a kowane rami, a ɗan rufe shi da ƙasa don kada iska ta kwashe, a bar shi makonni kafin ruwa ya sauka.

Abin da yake faruwa cikin waɗannan makonni shi ne asirin tassa. Iskar bazara tana zubo ganye da ƙura a ramin. Gara tana jin takin ta taso masa daga ƙasa, tana huda fakon da ƙananan hanyoyinta, kuma waɗannan hanyoyi su ne ruwan farko zai bi ya nutse maimakon ya tsaya a sama rana ta shanye shi. Manomin da ya saba ganin gara a matsayin abokiyar gaba zai yi mamaki idan ya tona ramin tassa bayan ruwa biyu, ya ga ƙasar da diga take tsalle a kanta ta yi laushi, ta yi huji huji kamar soso, danshi ya sauka fiye da kamu guda. Don haka kada a zuba maganin ƙwari a ramin.

Ba a yin binne a tassa. A jira ruwa mai ƙarfi wanda ya jiƙa ramin sosai, sannan a shuka gero ko dawa, a rage tsiron idan ya yi yawa. Takin ya zama wanda ya ruɓe, domin ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona tsiro idan ruwa ya ɗauke na kwana goma. Ana sabunta takin bayan shekara biyu, a kwashe ƙasar da ta cike ramin. Aikin yana da nauyi, hekta guda tana cin awoyi kusan 300 na aikin mutum ɗaya, shi ya sa ya fi kyau magidanci ya ɗauki kwata ko rabin hekta a shekara ya yi ta da kyau, da ya buɗe fili mai faɗi da ramuka marasa zurfi waɗanda ba taki a cikinsu. A rairayi tassa ba ta tsayawa, bakinta rushewa yake yi, kuma a wuraren da ruwan shekara ya haura milimita 800 tana iya riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe.

Rabin wata yayar tassa ce, an fi yin ta a fako mai faɗi da filayen kiwo. A kafa turke a kan layin da aka fitar, a ɗaura masa igiya mai mita 2, a zana rabin da'ira ta ɓangaren gangare, faɗin bakinta mita 4 ke nan. Buɗaɗɗen bakin ya fuskanci tudu. Wannan magana tana kama da wadda ba ta buƙatar faɗi, amma ana samun filayen da aka haƙa wa ɗaruruwan rabin wata sun juya wa ruwa baya, saboda an biya masu haƙa da ƙidaya ba wanda ya duba gangare. A kankare ƙasar sama a ajiye gefe, a haƙa cikin zuwa santimita 15 ko 25, a yi kunya da ƙasar da aka fitar a bisa lanƙwasar, a daddaɓe ta sosai, a ƙarfafa kunnuwanta biyu da duwatsu tun da nan ne ruwa yake ci idan ta cika. Sannan a mayar da ƙasar saman a gauraya da taki kamar baro guda. Daga tsakiyar rabin wata ɗaya zuwa tsakiyar ta kusa da ita mita 8, tsakanin layi da layi mita 4, a saɓa su kamar yadda aka yi wa tassa, hekta guda za ta ɗauki 313. Filin da aka bari tsakaninsu ba asara ba ne, shi ne yake tara ruwan da zai cika su, don haka ba a nome shi. A cikin rabin wata ana shuka hatsi, ko a watsa irin ciyawa, ko a dasa bagaruwa ko magarya ko aduwa a kusa da kunyar, ba a tsakiyar da ruwa yake kwanciya ba.

Itatuwan da suke cikin gona tun da can

A cikin takin da aka zuba akwai 'ya'yan itatuwa da suka bi ta cikin dabbobi, za su tsiro a ramukan, kuma a bar wasu daga cikinsu. Amma hanya mafi arha ta mayar da itace gona ita ce wadda manoman Maraɗi suke kira sassaben zamani, wadda Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya shiga yaɗawa tare da su daga 1983. Sabara da kalgo da geza da ake sassabewa kowace bazara ba ƙananan tsirrai ba ne, kututture ne masu tsohuwar saiwa mai zurfi. Maimakon a sare tohon duka a ƙone, sai a zaɓi biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa a kowane kututture, a cire sauran, a datse rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A ɗaura musu tsumma domin mai neman itacen girki ya san da mai su. Ta wannan hanya aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da gandun renon tsiro ko ban ruwa ba.

Dangantakar wannan da ruwa a fili take. Ganyen da ya zuba yana hana ɗigon ruwa dukan ƙasa ya toshe fuskarta, inuwa tana rage abin da rana take shanyewa, hanyoyin tsofaffin saiwoyi kuma suna kai ruwa ƙasa. Gawo ya fi kowane itace dacewa da gona, domin yana kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi suke neman inuwa da 'ya'yansa, kuma ba banza ba sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka kafa doka mai tsanani a kan sare shi. Itacen turare kuwa a nisanta shi daga rijiyoyi marasa zurfi da bakin fadama, saboda yawan shan ruwansa. Ba a kuma son gona ta cushe, itatuwa 40 zuwa 60 a hekta mafari ne mai kyau, a riƙa rage rassa idan inuwa ta fara danne shuka.

Kwazazzabo da tafki da fadama

Sai an gama da tudu ake taɓa kwazazzabo, kuma daga kansa ake farawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ramin da bai wuce ƙugu ba mutanen gari suna iya kashe shi, wanda ya haɗiye gida kuwa aikin injiniyoyi ne. A jera ƙananan shingayen dutse a cikinsa waɗanda ba su wuce gwiwa ba, a cusa gefunansu cikin gaɓar ramin sosai, tsakiyar ta fi gefe ƙasa domin ruwa ya tsallake ta nan, a shimfiɗa duwatsu a inda zai faɗo don kada ya tone gindin shingen. Kan shingen ƙasa ya yi daidai da gindin na sama da shi. Idan yashi ya cika bayansu, a dasa jema ko gamba a kai kafin a ƙara tsayi. Buhunan yashi suna tsayawa na damina ɗaya ne kawai, rana tana cinye su.

Tafki ana yashe shi ne idan ya ƙafe, a kai lakar gonaki domin taki ce. Idan ana son ya riƙe ruwa har rani, kada a fasa shimfiɗar yumɓun da take gindinsa. A bar zoben ciyawa kewaye da shi wanda ba a nomewa, a tona ɗan rami a mashigar ruwan domin yashi ya kwanta a nan, a ware wa dabbobi mashaya guda. Ruwan tafki ba na sha ba ne sai an tace an tafasa, kuma yaran da suke wanka a cikinsa suna iya kamuwa da tsargiya. Kududdufan cikin gari su ma ma'ajiyar ruwa ce, kuma unguwannin Kano da aka cike nasu aka yi gini a kai sun ga inda ruwan yake komawa idan marka ta kama. Rijiyar sha kuma ta yi nesa da masai da aƙalla mita 30, kuma ta kasance a sama da shi.

Fadama tana rayuwa ne da malalar ruwa, abin da ya faru a dausayin Hadeja da Nguru ya isa misali. Bayan kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara shekara da take shimfiɗuwa a dausayin, ta ciyar da shinkafa da kifi da makiyaya, ta kuma sauka ƙasa ta cika rijiyoyi, ta ragu ƙwarai. Ruwan da ake saki daga madatsun rani da damina kuma ya ba ciyawar kachalla damar toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka nutse wasu suka bushe. Abin da ƙaramar fadama za ta koya daga nan shi ne kada a datse ƙorama gaba ɗaya, kada a yi noma har bakin gaɓa, a bar tsirin ciyawa da itatuwa a gefenta, a yi gayyar yanke kachalla a ƙarƙashin ruwa kafin ta yi fure, sannan a sa ido a kan masu ɗibar yashi, domin yashin cikin ƙorama shi ne tulun da yake riƙe ruwan da masu lambu suke ja da rani.

Damina ta farko da awon rijiya

Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a zagaya filin da fartanya a kafaɗa. Kunyar da ta fashe a toshe ta a ranar, dutsen da ya gusa a mayar da shi, domin ƙaramar kafa ruwa na gaba zai mayar da ita hanya. Ruwan da yake cikin rabin wata ya kamata ya nutse cikin kwana ɗaya zuwa uku. Idan ya wuce haka, a sassauta gindin da diga a ƙara taki da karmami, saboda shuka za ta shaƙe, sauro kuma yana ƙyanƙyashewa ya tashi cikin mako guda ko fiye kaɗan. Bayan girbi a bar wani kaso na kara a kwance a gona, ko da buƙatar abincin dabbobi da danni tana ja.

Sakamakon gona ana ganinsa tun shekarar farko, na rijiya kuwa yana jinkiri, kuma ya danganta da irin dutsen da yake ƙarƙashin gari da faɗin filin da aka gyara. A ƙauyen Batodi na yankin Illela, masu bincike sun ruwaito cewa ruwan rijiyoyi ya taso da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004 bayan gyaran fakon da yake kewaye da garin, har mata suka buɗe lambuna. Ba kowane gari zai ga irin wannan ba, don haka gara kowane gari ya auna nasa. A zaɓi rijiyoyi biyu ko uku, a sami igiya da aka ƙulla wa alama a kowane rabin mita, a ɗaura mata ɗan ƙarfe a baki. A ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin a fara ɗiba, a zura ta daga wuri guda a bakin rijiyar har a ji ta taɓa ruwa, a rubuta zurfin da kwanan wata a littafi. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili nesa da bishiya da rufi, a auna tsayin ruwan da ya taru a ciki da rula bayan kowane ruwan sama, a rubuta shi a shafin da yake kallon na rijiyar. Littafin ya zauna a hannun mutum ɗaya da aka yarda da shi, malamin makaranta ko sarkin noma, kuma awon watan Afrilu na bana da na Afrilun baɗi ake kwatantawa, ba na rani da na kaka ba. Idan masu injin ban ruwa suka ƙaru a fadama, a rubuta yawansu a wannan littafi, domin ranar da za a zauna raba kwanakin jan ruwa, da shi za a yi magana.